Gani Ya Kori Ji? Sharhi a Kan Tabaran Kwaikwayo da Basirar Wuri a Makarantun Tasawa da Mayahi

Gabatarwa

Cikin ƴan shekarun nan, duk inda masana harkar ilimi suka taru don tattauna makomar makaranta, da wuya a watse ba a ambaci wata na'ura ba wadda ake ɗaurawa a fuska kamar tabarau, mai sanye da ita ya riƙa ganin kansa tsundum cikin wata duniya da kwamfuta ta ƙera. Faransawa suna kiran wannan fasaha réalité virtuelle. A cikin wannan sharhi za mu kira ta duniyar kwaikwayo, na'urar kuwa mu ce da ita tabaran kwaikwayo. Daga cikin alkawuran da masu tallarta suke yi, wanda ya fi jan hankalin malamai shi ne cewa tana kaifafa basirar wuri da siffa a ƙwaƙwalwar ɗalibi. Hujjarsu kuwa, in an taƙaita ta, ba ta wuce karin maganar nan da kowa ya sani ba: gani ya kori ji.

Zancen ya shafe mu, mu malaman kwaleji da lise na gundumomin Tasawa da Mayahi, haka kuma ya shafi ƙungiyoyinmu na raya al'adu. Sanin kowa ne cewa sabbin kayan koyarwa a ƙasarmu sau da yawa a bayan wani furoje suke zuwa, kuma akan nemi ra'ayin malami ne bayan an riga an sayo kaya an sauke. Ya kyautu ke nan mu tanadi ma'auninmu tun da wuri. Ra'ayin da wannan sharhi yake karewa shi ne: yaron Tasawa ko na Mayahi yana shigowa aji da basirar wuri mai tarin yawa wadda ya samo a gona da gida da dandali, abin da yake gagarar sa shi ne ƙetarar da ita zuwa kan takarda da kuma cikin Faransanci. Duk na'urar da aka kawo mana, da wannan tiya ya kamata a auna ta.

Basirar da ake magana a kanta

Idan masana suka ce basirar wuri da siffa, aƙalla abubuwa uku suke nufi. Na farko shi ne mutum ya iya juya abu da idon zuci, ya san yadda zai kasance in an kifa shi ko an karkata shi, ba tare da ya taɓa shi ba. Na biyu shi ne ya iya ninke abu ko warware shi cikin tunani, ko ya hango yadda cikinsa yake in an tsaga shi, kamar yadda tela yake duban ƙyalle a shimfiɗe ya ga riga a jikin mai ita. Na uku shi ne sanin inda mutum yake a cikin fili, da inda ya fito, da hanyar da za ta fi kusa in zai koma.

A shekarar 1971 wasu masana biyu na jami'ar Stanford a Amurka, Roger Shepard da Jacqueline Metzler, suka nuna wa mutane zanen siffofi biyu-biyu, suna tambayar su ko abu guda ne aka juya ko kuwa abubuwa ne daban. Sai suka tarar gwargwadon girman juyin da aka yi wa siffar, gwargwadon daɗewar mutum kafin ya amsa, tamkar dai a cikin kansa yake murɗa abin sannu a hankali. Daga baya, a 2009, Jonathan Wai da abokan aikinsa suka koma kan bayanan ɗalibai kimanin 400,000 da aka jarraba a Amurka a 1960, aka kuma bi sawunsu bayan sun bar makaranta. Sakamakon ya nuna waɗanda suka yi fice a wannan basira tun suna samari su suka fi yawa cikin waɗanda suka zama injiniyoyi da masana kimiyya da lissafi.

Mu ma a azuzuwanmu muna ganin alamun haka kullum. Malamin lissafi yana fama da ita a darasin dala da siffar jinka a ajin ƙarshe na kwaleji. Malamin labarin ƙasa yana fama da ita a gaban taswira. Malamin kimiyyar halittu yana fama da ita ran da ya zana zuciya a tsage bisa allo. Ashe ba ƙaramin abu ba ne ake yi mana alkawarin gyarawa.

Ita kuwa na'urar, asirinta ba mai zurfi ba ne. Akwai ɗan allo a gaban kowane ido, kowanne yana nuna hoto mai ɗan bambanci da na ɗayan, sai ƙwaƙwalwa ta haɗa su ta ga zurfi. Sa'an nan akwai abin da yake bin motsin kai, in ka waiga hoton ya waiga tare da kai. Tun a 1968 Ivan Sutherland ya ƙera irinta ta farko a Amurka. Ba ta shigo kasuwa sosai ba sai bayan 2014, shekarar da kamfanin Facebook ya sayi kamfanin Oculus a kan dala kusan biliyan 2.

Abin da bincike ya tabbatar

Adalci ya wajabta a fara da abin da yake goyon bayan masu tallar. A 2013 David Uttal da abokan aikinsa suka tattara bincike 217 da aka yi a kan horar da wannan basira, suka tarar da abubuwa uku masu faranta ran kowane malami: horo yana ƙara ta, ƙarin yana daɗewa, kuma yana ratsawa zuwa wasu ayyukan da ba a yi horo a kansu ba. Wato ba baiwa ba ce da aka rufe ƙofarta tun ran haihuwa; da koyo akan iya. Bugu da ƙari, wani nazari na 2022 da Di da Zheng suka yi, wanda ya tattara gwaje-gwajen da aka yi da fasahohin kwaikwayo, ya samu cewa suna da amfani matsakaici wajen ƙara ta.

To amma a lura da kyau. Horon da Uttal ya tattara iri-iri ne: akwai wasannin kwamfuta, akwai darussan aji, akwai maimaita aiki da takarda da fensir. Abin da ya tabbata shi ne horo yana aiki. Ba a ce sai da tabarau ba. Misali mafi shahara ma ba shi da alaƙa da tabarau ko kaɗan. Tun daga 1993 Sheryl Sorby ta soma wani darasi a jami'ar fasaha ta Michigan domin sabbin ɗaliban injiniya masu rauni a wannan fanni. Ginshiƙin darasin shi ne ɗalibi ya harhaɗa ƴan ƙananan tubala da hannunsa, sa'an nan ya zana abin da ya haɗa ta fuskoki daban-daban. Waɗanda suka bi darasin makinsu ya ƙaru, kuma da yawansu, musamman mata, suka daure har suka kammala karatun.

Akwai kuma bincike biyu da ya kamata kowane malami ya sani kafin ya yi wa rogo kallon kitse. A 2019 Guido Makransky na ƙasar Danmak, tare da Thomas Terkildsen da Richard Mayer, suka ba ɗaliban jami'a darasin kimiyya iri ɗaya ta hanya biyu: ta allon kwamfuta na yau da kullum, da ta tabarau. Da tabarau ɗaliban sun fi jin kamar suna cikin ɗakin gwajin da gaske, amma abin da suka koya bai kai na allo ba. Kallo ya shagaltar da ƙwaƙwalwa ya bar darasi a baya. Kafin wannan, a 2006, Roy Ruddle da Simon Lessels na jami'ar Leeds a Ingila sun sa mutane neman abubuwan da aka ɓoye cikin akwatuna a wani ɗaki na kwaikwayo. Waɗanda suka taka da ƙafafunsu yayin da suke sanye da tabarau sun yi aikin da kyau, waɗanda suka tsaya wuri guda suna tafiya da maɓalli kuwa suka yi ta komawa inda suka riga suka duba. Ƙawata hoton ɗakin bai canza abin sosai ba. Ma'ana, jiki ne yake riƙe wuri, ido mataimaki ne.

Guzurin da yaro yake zuwa da shi

Idan jiki ne yake riƙe wuri, to yaranmu ba matalauta ba ne. A 1966 wani masani Bafaranshe, Guy Nicolas, wanda ya daɗe yana bincike a ƙasar Maraɗi, ya buga wata doguwar maƙala mai suna Essai sur les structures fondamentales de l'espace dans la cosmologie hausa a mujallar ƙungiyar masana Afirka ta Faris. A ciki ya bayyana yadda Bahaushen wannan yanki yake tsara gona da gida da kasuwa da gari bisa kusurwoyi huɗu na duniya da tsakiyarsu. Aiki ne mai daraja, sai dai marubucin ya dubi al'amarin da idon mai nazarin addinin gargajiya na Anna, ya fi mai da hankali ga tsafi da ma'anonin ɓoye. Yawancin waɗannan al'adu sun ja baya. Abin da ya rage, wanda kuma ya fi amfanar malami, shi ne ɗabi'ar kanta: mutanenmu suna rayuwa da gabas da yamma da arewa da gusum a bakinsu. A ƙauyukan Kananbakashe ko Korgom ba abin mamaki ba ne ka ji an ce wa yaro ya matsa gabas kaɗan a kan tabarma, ko a ce tulun yana arewa da rumbu. Ga kuma alƙibla da ake fuskanta sau biyar a yini, wadda a yankinmu take gabas da ɗan karkata arewa.

A dubi Gulbin Kaba, wannan kwari da ya ratsa gundumomin biyu, wanda goruba ta ba shi suna. Yarinyar da ta tashi a bakinsa tana ganin uwarta tana saƙa kaba: wannan zare ya hau biyu ya shige ƙarƙashin biyu, rinanne ya ɓace nan ya ɓullo can, har ado ya fito daidai a dama da hagu. Mai saƙar tana riƙe da hoton tabarmar gaba ɗaya a ranta tun ba ta kai rabi ba. Mai ɗinkin faifai kuwa daga cibiya take farawa tana kewayawa, ta san yadda za ta sassauta don kada ya kumbura ya zama kwando. Irin wannan ilimi ne masanin lissafi Paulus Gerdes ya shafe shekaru yana tonowa daga saƙar kwanduna a ƙasar Mozambik, yana mai da shi darasin aji.

A dubi magini in zai fitar da ɗaki mai da'ira: turke ne a tsakiya, da igiya, da tsinke a bakinta. A dubi mai sungumi ran shuka, yadda yake jan layi a miƙe daga wannan iyaka zuwa waccan, tazarar rami da rami taki guda, ba igiya ba ma'auni. A dubi mahaƙin rijiya da yake lissafin zurfi da gaba, da ɗan kiwo da yake bin burtali ya dawo gida da almuru ba ya ɓata. A dubi dattawa a gindin bedi suna dara: gurbi talatin, kowa da ƴaƴa goma sha biyu, kowa yana hango jeri uku da bai riga ya tsayu ba, yana kuma hango na abokin karawarsa. Uwa uba, a dubi motar kara da yaro ɗan shekara takwas yake ƙerawa da ɓargon kara da ƙaya, da ƙafafu masu juyawa da ƙofa mai buɗewa. Wannan yaro ya riga ya yi rabin darasin Sorby kafin ya taka ƙofar makaranta.

Sai dai kada son gida ya rufe mana ido. Gwanintar hannu ba ta zama ilimin lissafi da kanta. Maginin da ya fitar da da'ira sarai ba lalle ba ne ya iya faɗin dangantakar tsawon igiyarsa da tsawon kewayen ɗakin, balle ya yi amfani da ita a wani aiki da bai taɓa yi ba. Aikin makaranta shi ne ta ba abin suna, ta sa a zana shi, ta fitar da ƙa'idar da take ɓoye cikinsa. A nan ne muke tuntuɓe.

Wurare uku da yaro yake tuntuɓe

Na farko harshe ne. Hausa tana da arziki wajen faɗin wuri. Daga gaɓoɓin jiki ta ɗebo kalmominta: kan dutse, bakin rijiya, gindin icce, cikin ɗaki, bayan gari, goshin azahar. Da wasali guda take nuna inda motsi ya nufa: fita da fito, shiga da shigo, kai da kawo. Da karin sauti take raba nan na kusa da mai magana da nan na kusa da mai sauraro, da can da ake hangowa da can mai nisa. Amma tsarinta ba ɗaya ba ne da na Faransanci, kuma akwai wani bambanci da ya daɗe yana cutar yaranmu a ɓoye. Clifford Hill, wani masanin harshe na jami'ar Columbia a Amurka, ya yi nazarinsa tun cikin shekarun 1970, ya kuma buga kwatancin Hausa da Ingilishi a kansa a 1982. Ga misali: ka ajiye tulu a tsakar gida, ka ajiye buta can gaba da shi, kana ganin duka biyun. Bahaushe sau da yawa zai ce buta tana gaban tulu, domin a wurinsa tulun ya fuskanci inda shi mai magana ya fuskanta, kamar mutane a sahu. Bature kuwa zai ce butar tana baya, domin a wurinsa tulun shi yake kallo, kamar mutum biyu masu gaisawa. Bafaranshe ma haka yake cewa derrière. Yaron da aka ce ya sa ɗigo devant wata siffa ya sa shi a ɗaya gefen, ba wauta ya yi ba. Da Hausa ya yi tunani, aka yi masa maki da Faransanci.

Na biyu taswira ce. Yaron da ya san arewa tun yana goye, ran da ya shiga aji sai ya tarar an rataye ƙasar Nijar a bango, an ce masa arewa tana sama. Agadas ta koma wajen rufi, Maraɗi ta koma wajen daɓe, alhali bangon da aka rataye taswirar wataƙila na yamma ne. Daga ranar sai ya raba arewa biyu: ta gaskiya wadda yake nunawa da hannu, da ta makaranta wadda yake haddacewa.

Na uku shi ne zanen abu mai kauri a kan allo mai faɗi. Idan malami ya zana akwati, ya ja layukan ɓoye da ɗigo-ɗigo, ya karkata na gefe, yana amfani ne da wata yarjejeniya da masu zane suka ƙulla tsakaninsu. Karanta wannan zane koyo ne, kamar karatun baƙaƙe. Wanda ba a koya masa ba, layuka kawai yake gani sun sarƙe, ko da kuwa shi ne gwanin motar kara a unguwarsu.

To, mu ɗora tabarau a kan waɗannan uku. A na farko, in dai da Faransanci ko Ingilishi aka tsara shi, ba abin da zai ƙara sai tsananta matsalar, domin na'ura ba ta san yaro ya yi tunani da wani harshe ba. Kuskure kawai za ta rubuta masa. A na biyu yana iya taimakawa, tun da yana iya ɗaga yaro sama ya ga garinsu yana ƙanƙancewa har ya zama ɗigo. Amma malamin da ya sauke taswira daga bango ya shimfiɗa ta a tsakar makaranta, arewarta tana duban arewa, ya yi rabin wannan aiki ba da ko dala ba. A na uku ne ƙarfinsa yake, nan ne kuma haɗarinsa yake: yana nuna wa yaro akwatin yana juyawa a sarari, ya hutar da shi wahalar karanta zane. Alhali jarrabawar BEPC a kan takarda ake yin ta, kuma tsarin gini da za a miƙa wa magini gobe a kan takarda yake. Na'urar da ta ɗauke wa yaro wahalar ƙetare gulbi ba ta koya masa iyo ba.

Tsada, da darasin talabijin

Ko da an ce amfanin ya tabbata, sai an yi lissafi. Tabarau mafi araha na kamfanin Meta da ya fito a 2024 dala 300 aka sa masa a wannan shekarar, wato ya haura jika 150 na sefa tun kafin kuɗin sufuri da na duwan. Batirinsa awa biyu ne da ɗan abin da ba a rasa ba. A ce makaranta ta samu guda biyar, aji kuwa yana da ɗalibai 60, darasi minti 55: kowane yaro bai samu minti biyar cikakku ba, sauran 55 kuma suna zaune suna kallon masu kallo. In kaya suka yi ƙaranci kuwa, mun san halin aji: samari masu ƙarfi su ke kamawa, ƴan mata su koma baya, alhali bincike ya nuna horo yana amfanar mace da namiji duka. Ga ƙurar hunturu da zafin bazara, ga jiri da tashin zuciya da yake sa wa wasu, ga ciwon ido mai yaɗuwa in fuska sittin suka yi tarayya a abu guda. Kamfanin da kansa shekara 13 ya sa iyaka, sai a 2023 ya sauko da ita zuwa 10 bisa sharaɗin kulawar iyaye. Lantarki kuwa kusan mutum ɗaya cikin biyar ne yake da shi a Nijar, a karkara abin bai ko kusa da haka ba. Ba za mu manta ba kuma cewa a watan Nuwamba na 2021 yara fiye da ashirin suka rasu a gobarar azuzuwan zana a birnin Maraɗi. Duk jikar da aka kashe a wani wuri, an hana ta wani wuri ne.

Tarihi ma yana da abin faɗi. A 1964 Nijar ta soma koyarwa ta talabijin da taimakon Faransa, cikin azuzuwa kimanin ashirin a kewayen Yamai, tana cikin ƙasashen Afirka na farko da suka gwada haka. Masana daga waje sun zo sun gani sun yaba. Duk da haka shirin bai taɓa kai wa ga galibin yaran ƙasa ba, kuma a ƙarshen shekarun 1970 gadonsa ya koma ga talabijin na ƙasa. Kada a ce wannan labarin da ne: kamfanin Google ya fito da shirin Expeditions a 2015 domin kai ƴan makaranta yawon buɗe ido da tabarau na kwali, makarantu da yawa a duniya suka sayi kaya, a 2021 kamfanin ya rufe shirin. Wanda ya hau dokin aro, inda mai doki ya ce a sauka nan zai sauka.

Inda tabarau zai yi rana

Wannan duka ba ya nufin a rufe ƙofa. Akwai abubuwan da hannu ba ya kai wa gare su, ƙafa ba ta taka su: yadda ruwa yake kwance a ƙarƙashin Gulbin Kaba da dalilin da ya sa rijiyar kwari ba ta kai ta jigawa zurfi ba, yadda duniya da wata suke kewayawa har a yi husufi, yadda jini yake bin ɗakunan zuciya. A irin waɗannan, ganin abu da zurfinsa yana da fa'ida ta gaske, ko da yake wani kaso mai yawa na wannan fa'ida ana samun sa a allon kwamfuta ko na salula da manhajar GeoGebra, wadda kyauta ce tun da Markus Hohenwarter ya ƙirƙiro ta a 2001.

Shawarata ga ƴan'uwa malamai ita ce mu riƙe jeri guda, kada mu yarda a birkita mana shi: ƙafa, hannu, baki, takarda, sa'an nan na'ura. Yaro ya fara auna filin makaranta da taki. Ya haɗa akwati da dala da kara da ƙayar aduwa, ya ƙirga fuskoki da gefuna da kusurwoyi, ya riƙe abin a rana ya ga inuwarsa a ƙasa, wadda ita ce zanen farko. Ya faɗi abin da ya gani da Hausa, sa'an nan da Faransanci, malami ya tsaya musamman a kan gaba da devant ya nuna masa inda suka rabu. Ya zana abin daga sama, daga gaba, daga gefe, ya ba abokinsa zanen ya gani ko zai iya sake ƙera shi. Bayan wannan, in akwai tabarau, minti biyar ɗin nan za su yi albarka, domin yaron ya san abin da ya shiga nema. In ya cire kuma, a miƙa masa fensir ya zana abin da ya gano.

Duk mai son kawo mana wannan na'ura, mu yi masa tambaya huɗu: da wane harshe take magana? Abin da ke cikinta ya san rumbu da rijiya, ko kuwa gidajen wata ƙasa ne? Wa zai gyara ta bayan furoje ya tashi? Kuma ya yarda a gwada ta? Gwajin ba shi da wuya: aji uku masu kama da juna, ɗaya da tabarau, ɗaya da allon kwamfuta, ɗaya da kara da fensir, lokaci ɗaya, jarrabawa ɗaya a kan takarda, a sake ta bayan wata uku. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi da makarantun horar da malamai su suka fi dacewa da jagorancin irin wannan aiki, can ne kuma ya fi kyautuwa a fara ajiye na'urorin, domin malami guda da idonsa ya buɗe zai buɗe na yara dubu.

Ƙungiyoyin al'adu kuwa nasu aikin ba ya jiran kowa. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma a watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Harshen da aka ɗora wa wannan nauyi yana bukatar kalmomin siffa da awo. Kalmomin nan suna nan a bakin masaƙa da magina da maƙera da teloli da mahaƙan rijiya na Tasawa da Mayahi da Maijirgi da Cake. A je a zauna da su da littafi da alƙalami, a rubuta sunan kowane ado na tabarma da kowane sashe na jinka, tun masu su suna raye.

Kammalawa

Gani ya kori ji, gaskiya ne, amma Bahaushen da ya faɗi haka shi ne kuma ya ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Bincike ya tabbatar mana basirar wuri tana karɓar horo, ya kuma nuna cewa hannu da ƙafa da fensir suna yin wannan horo, tabarau ma yana yi in an san inda aka sa shi. Abin da babu kamfanin da zai sayar mana shi ne gadar da take tsakanin tabarmar uwa da allon malami, tsakanin gaban tulu da devant. Wannan gada mu za mu gina ta, da harsuna biyun da muke koyarwa. Ran da ɗiyar mai saƙar kaba ta iya zana adon tabarmar gidansu a kan takarda, ta faɗi ƙa'idarsa da Hausa da Faransanci, to a ba ta tabarau in akwai. In babu, ba ta yi asarar komai ba.